Dodon Tarka

A bayan tashar motocin Tanut, inda manyan kamiyo masu zuwa Agadas ke tsayawa inji ya huce, akwai wani dogon ɗakin ƙasa mai rufin kwano, ba shi da taga ko ɗaya. Nan ne gidan kallon Haris. Bencina ne a jere, da ƙatuwar tele a kan tebur, injin gurup na ruri a waje don ba da wuta. Shekara da shekaru, da an sallame la'asar ɗakin kan cika har wasu su zauna a ƙasa. Duk ɗan gari kuwa ya san ba telen kaɗai ke tara mutanen nan ba. Abdurrazak ake zuwa ji.

Abdurrazak mijin yayar Haris ne. Ya yi lakwal, wato boko, har ya kusa zama malamin makaranta, jarrabawa ta kayar da shi, ya dawo gida da Faransanci a baki da wata murya mai kauri wadda ko a kasuwa ya yi gyaran murya sai an waiwayo. Aikinsa ya tsaya gefen tele riƙe da mikro, Turawa na magana a cikin fim, shi yana juyawa da Hausa. Kuma ba ya juyawa haka kawai, sai ya sa gishiri. In jarumi ya kai wa mugu naushi sai ya ce, "Ungo wannan, ka kai wa mutanen gida tsaraba," ɗaki ya kaure da dariya. Wannan dariya ita ce abincin Abdurrazak. In ya same ta da yamma, ko tuwo ba miya aka ba shi a gida ba ya ƙorafi.

Sannu a hankali abin ya fara sanyi. Finafinan da Haris ke ɗaukowa daga Damagaram a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa tele, suka zama kamar ƴaƴan uwa ɗaya. Yau wani ƙato ne ya rufe fuska yana tashi sama, gobe wata dabba ce mai kan kada ta fito daga teku tana tattake benaye, jibi a haɗa su duka a fim ɗaya su yi ta dukan juna har birni ya zama toka. Ga kuma tallar da ke rigan kowane fim isowa cikin wayoyin mutane. Duk iri ɗaya ce: duhu, a buga ganga sau ɗaya, a yi shiru, wani ya ce ƙarshen duniya ya zo, sannan a zubo duk wuraren da suka fi daɗi a jere. Kafin Haris ya kawo fim, samarin gari sun riga sun ci naman, ƙashi kaɗai ya rage.

Wata ranar kasuwa Abdurrazak na tsaka da zuba, ya saki murya yana cewa, "Jama'a, ko wa zai ceci birnin nan?" sai Yahaya tela, wanda bai taɓa fashin kallo ba, ya amsa daga bencin baya.

"Malam, huta da bakinka. Mai rufe fuskar nan ne. Zai faɗi sau biyu, na uku ya tashi. Dabbar kuma ba za ta mutu duka ba, ta bar ƙwai a wani rami don su sake sayar mana da ita baɗi."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda Abdurrazak ya saba ji ba, don wannan a kansa ta sauka.

"Duniyar nan tasu sau nawa za ta tashi ne?" in ji Yahaya yana miƙewa, yana kakkaɓe riga. "Kullum ta tashi, kullum a cece ta. Ni na gaji."

Ya fita, wasu suka bi shi. Daga ranar bencina suka fara nuna katakonsu. Akwai yammacin da Abdurrazak ya yi ta magana ga mutum ƴan ƙalilan, rabinsu na gyangyaɗi, sauran na latsa waya. Ya koma gida ya kasa cin abinci, ya ce wa matarsa kansa ke ciwo.

Haris ne ya zo da shawarar. Suna zaune a ƙofar ɗakin kallo da hantsi, yana kallon tasha, sai ya ce, "Yaya, ka san abin da ya sa suka gudu? Dodon da ba su sani ba ne ya ishe su. Mu ba su wanda suka sani."

Ya nuna da haɓa. Can gindin wata kamiyo, Buba ɗan dako na sauke buhunan hatsi.

Buba mutumin Tarka ne. Ya zo Tanut bayan shekarar da dabbobinsu suka ƙare, ya kama dako a tasha. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, buhun da mutum biyu ke ciccibawa shi kaɗai yake saɓawa. Tun yana yaro bukkarsu ta kama da wuta, ta cinye masa rabin fuska ta hagu, fatar ta tattare ta janye bakinsa gefe, har maganarsa ke fita da nauyi. Idon wannan gefen ma bai gani sosai. Mutanen tasha sun daɗe da sabawa da fuskar, ba mai ƙara kallonta. Shi kuwa mai son kallo ne. Yakan tsaya bakin ƙofa yana leƙe, Abdurrazak ne ya fara ce masa ya shigo ya zauna ba sai ya biya ba. Tun daga nan ko daga nesa ya hango Abdurrazak sai ya rusuna ya ce, "Malam, barka da rana."

"Haba Haris," in ji Abdurrazak. "Bawan Allah ne fa."

"Wa ya ce ba bawan Allah ba ne? Wasa ne. Za mu ba shi rabonsa, ya fi dakon wuni. Amma ni in na je ba zai yarda ba. Kai yake jin maganarka."

Abdurrazak ya ce zai yi tunani. Tunanin bai yi tsawo ba. Da yamma ya sake tsayawa gaban bencina wayam, ya ji muryarsa na dukan bango tana dawo masa, washegari ya nufi tasha.

Ya tarar da Buba zaune a inuwar mota yana shan fura. Ya ce masa za su yi fim nasu na gida, kuma suna neman mai ƙarfi.

Buba ya ajiye ludayi. "Ni, Malam? Da wannan fuskar?"

"Ai manyan jarumai duk suna da tabo."

"Wane ne zan zama a ciki? Mai ceton mutane?"

"Shi fa," in ji Abdurrazak, ko ƙifta ido bai yi ba.

Suka fita da shi bayan gari, wani kwazazzabo mai duwatsu. Haris na riƙe da waya yana ba da umarni. Ya sa Buba ya tuɓe riga, ya shafa masa gawayi a ƙirji, ya ce ya ɓuya bayan dutse ya fito a hankali. Ya sa shi ya ɗaga wani ƙaton dutse ya jefar. Duk Buba ya yi, yana murmushi irin nasa na gefe guda. Da aka zo wajen kuka ne ya tsaya.

"Mai ceto yana kuka haka?"

"Mugaye yake tsoratarwa," in ji Abdurrazak. "Buɗe baki sosai."

Ya buɗe. Haris ya matso da wayar dab da gefen da wuta ta ci, ya ce a sake, a sake, har muryar Buba ta dushe.

Haris ya kwana biyu yana haɗa hotunan a waya. Ya sato duhun tallar Turawa da bugun gangarsu ya liƙa. Saura murya. Suka rufe ɗakin kallo da rana, Abdurrazak ya riƙe mikro, ya sauke murya can ƙasan maƙogwaro.

"Daga kwarin Tarka ya fito. Wuta ta tauna shi, ta kasa haɗiyewa, ta tofar. Mata, ku ja ƙofa. Ba ya cin hatsi, ba ya shan nono." Ya ɗan tsaya, sai wata magana ta faɗo masa, ya ji daɗinta a baki tun kafin ya furta. "Abincinsa ƴaƴan mutane. Dodon Tarka. Yana nan tafe."

Haris ya riƙe ciki yana dariya. "Yaya, wallahi ba a yi kamarka ba."

Tallar ta bi gari kamar wutar daji. Daga waya zuwa waya ta shiga shaguna, ta shiga gidajen aure, direbobi suka tafi da ita Gangara da Belbeji da ƙauyukan da Haris bai taɓa takawa ba. Ranar da aka sa za a nuna fim ɗin, tun kafin la'asar layi ya kai bakin tasha. Yahaya tela ne a gaba.

Buba ya zo cikin rigarsa ta sallah, shuɗiya, ya sha wanka, har da hula. Ba shi da waya, bai ga tallar ba, ya dai lura kwana biyun nan mutane na kallonsa suna murmushi, ya ɗauka abin arziki ne. Haris ya kama hannunsa ya kai shi bencin gaba, inda kowa zai gan shi.

Fim ɗin gajere ne, hotunan kwazazzabo ne kawai aka jujjuya, aka haɗa da mutanen wani fim na Turawa suna gudu suna ihu. Amma da fuskar Buba ta cika tele, baki buɗe, ɗakin ya fashe. Mutane na kallon tele, su juyo su kalli mai fuskar, su sake fashewa. Wani ya faɗo daga benci. Abdurrazak ya ji abin da ya yi watanni yana nema ya dawo masa gaba ɗaya, ya saki baki. "Ga shi nan ya ji ƙanshin yaro. A'a, wannan ya rame, a kawo mai ƙiba." Ɗaki ya ƙara rikicewa.

A tsakiyar haka idonsa ya sauka kan bencin gaba. Buba na zaune a miƙe, hannuwansa kan gwiwa. Ba tele yake kallo ba, shi yake kallo. Abdurrazak ya juya wajen bencin gefe, ya ci gaba. Wani barkwanci ya riga ya zo masa, ya ga asara ce ya bar shi.

Buba bai tashi ba har aka gama. Ya jira mutane suka ragu, ya fita. Haris ya bi shi da rabonsa, ya karɓa ya wuce.

Daga ranar sunan Buba ya ɓace a Tanut. Yara suka riƙa bin sa a baya suna waƙa suna tafi. Matan da da suke ba shi kaya ya kai musu gida suka fara janye ƴaƴansu in ya wuce, wasu da wasa, wasu kuma ba da wasa ba. Ƴan kasuwar hatsi suka samu abin nishaɗi: in ya zo neman dako sai su ce, "Yi mana kukan tukuna." Da fari ya ƙi. Da ya wuni bai ɗauki buhu ba, ya yi. Ya daina gaida Abdurrazak, shi ma Abdurrazak ya sauya hanyar zuwa aiki don kada ya bi ta tasha.

Sati biyu ɗakin Haris na cika. Sai ya tattara ragowar hotunan da bai yi amfani da su ba ya ce ga kashi na biyu. Rabin ɗaki aka samu. Kafin a kai tsakiya Yahaya ya yi hamma mai ƙarfi.

"Wannan ma mun gani. Zai fito daga bayan dutse, ya buɗe baki. Dodon da muke gani kyauta a tasha ne za mu zo mu biya?"

Bencina suka sake komawa yadda suke. Amma samarin gari ba su haƙura da Buba ba, kukan da yake yi in an sa shi ne ya gundure su. Suna son su ga na gaske. Suka riƙa tsokanarsa, wani ya fizge masa hula, wani ya zuba masa ƙasa a fura, sauran na tsaye da wayoyi a ɗage suna jiran ya fusata. Bai taɓa ba su abin da suke so ba. Yakan ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya koma gindin wata motar.

Ranar wata kasuwa da ta cika sosai, bayan an fara girbi, wata mata daga ƙauye ta nemi ɗanta ta rasa. Ta shiga kiran sunansa tana kuka tsakanin rumfuna. Mutane suka taru ana tambayar kamanninsa. Wani saurayi mai sayar da katin waya ya ce, yana dariya, "A duba cikin Dodon Tarka."

Ƴan gari sun san wasa ne. Amma kasuwar cike take da mutanen ƙauye waɗanda suka ga tallar a wayar wani, ba su san gidan kallon Haris ba, ba su san Buba ba, sun dai ji wata murya mai nauyi ta ce abincinsa ƴaƴan mutane. Ga shi kuma tafe daga wajen ƴan hatsi da buhu a kafaɗa. Wani ya ce a sauke buhun a gani. Buba bai fahimta ba, ya riƙe buhun don na mutane ne. Aka fara ja, ya ture wani ya faɗi. Shi ke nan.

Abdurrazak na wurin. Ya zo sayen kayan miya, yana tsaye bai fi tsawon rumfa biyu ba. Ya ga dutse na farko ya tashi. Ya san in ya buɗe baki ya ce, "Ku tsaya, ni na yi maganar nan, ƙarya ce," kasuwar duka za ta ji shi, ai muryar ke nan. Ya kuma san in suka gane muryar, duwatsun na iya juyowa. Ya ja baya ya shige tsakanin mutane. Ta ko'ina wayoyi ne a sama, har da ta Yahaya tela, wanda ya hau kan wani benci don ya samu gani da kyau.

Kafin jandarmomi su iso Buba na ƙasa, buhun ya fashe, gero ya watse ya cakuɗe da jini. Wani dutse ya same shi a idon dama, mai lafiyar. Yaron kuwa aka same shi yana barci ƙarƙashin amalanke, da guntun rake a hannu.

Kwana biyu Abdurrazak bai fita ba. A na uku matarsa ta ce masa ana cewa yayar Buba ta zo daga Tarka, kuma ya kamata wani daga gidan nan ya je dubiya, tunda Haris ya ce shi ba ruwansa. Ya sayi lemo ya tafi asibiti.

Ya tarar da wata mata doguwa, siririya, zaune bakin gado tana korar ƙuda. Ita ce Zuhaira. Kan Buba naɗe yake da farin ƙyalle har ido.

"Sannunku. Ya mai jiki?"

Buba ya motsa. Bai buƙaci a gaya masa ko wane ne ba. "Malam ne," ya ce wa yayarsa.

Zuhaira ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne mai muryar?"

"Wasa ne aka yi, Hajiya. Ba wanda ya zaci zai kai haka. Ƙaddara ce."

"Ni ba Hajiya ba ce," in ji ta. "Har Tarka an nuna mini a waya. Na ce ƙanena ne, suka yi ta dariya."

Abdurrazak ya ajiye ledar lemon gefen gado.

"Malam," in ji Buba, maganar na fita da ƙyar, "tun a kwazazzabo na fara zargi. Na ce a raina, Haris zai iya. Amma Malam na nan."

Zuhaira ta ɗauki ledar ta miƙa wa masu jinyar gadon kusa. Abdurrazak ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Aka wuce da Buba babban asibitin Damagaram, ba a ceto idon ba. An kama samari kaɗan, aka sake su bayan manya sun sa baki, don ba wanda ya iya nuna hannun da ya jefa dutsen. Hoton jifan ya zagaya wayoyi ƴan kwanaki. Abdurrazak ya ji Yahaya a shagonsa yana cewa abin bai yi kyau ba, hoton na rawa, mutane sun tare gaba, ba a ganin wurin da dutsen ya sauka. Kafin wata ya ƙare an daina maganar. Haris ya share fim ɗin daga wayarsa, ya sayo farantin kamo tashoshin waje ya kafa a kan rufi, ya koma nuna ƙwallon Turai. Ɗakin ya sake cika. Ƙwallo ba ta buƙatar mai fassara, sai ya sallami mijin yayarsa cikin girmamawa.

Abdurrazak bai daɗe a zaune ba. Wani mai sayar da maganin gargajiya da ke yawon kasuwanni da mota ya zo har gida nemansa. Ya ce ya ji tallar dodon nan, kuma tun da yake bai taɓa jin muryar da ke tsayar da mutum kamar wannan ba. Suka daidaita. Abdurrazak ya koma zama a gaban mota da mikro, lasifika a kan rufi, yau Gangara gobe wani gari, yana tallar maganin basir da ciwon baya. Ya yi ƙiba, ya ɗinka sabbin riguna.

Bayan shekara ɗaya suka shiga kasuwar Belbeji. Direba ya tsaya kusa da layin masu igiya da tabarmi, mutane suka fara taruwa, Abdurrazak ya saki murya. Yana cikin lissafa cututtuka ya hango su. Zuhaira na tsaye tana ciniki da wani, Buba na zaune a ƙasa kusa da ita yana tufka igiya da lalube, ya rame har kafaɗunsa sun fito. Da muryar ta kai gare shi hannuwansa suka tsaya. Ya ɗaga kai, ya juyo da fuska wajen motar, yana neman inda sautin ke fitowa.

Abdurrazak ya rufe mikro da tafin hannu, ya ce wa direba nan rana ta yi yawa, su koma wajen ƴan dabbobi. Motar ta ja a hankali tana raba mutane. Da suka tsaya a can ya sha ruwa, ya gyara murya, ya ɗora daga kan ciwon baya. Sun yi ciniki sosai ranar.